Wata Guda na Karatun Labari: Na Zariya, Na Kasuwar Kano, Ko Na Waya?

Wata guda ba shi da yawan da ake zato. Wanda ya samu rabin sa'a kullum bayan isha'i, sa'a 15 ke nan ya tara a kwana 30. Wanda ke zaune a gida yana jiran sakamakon jarrabawa, ko ɗalibin da yajin aikin malamai ya koro, ko mai jegon da aka ɗauke wa girki, zai iya ninka wannan sau huɗu ko biyar. Ko nawa ne dai, lokaci ne mai iyaka, labaran Hausa kuwa da ake iya samu a yau sun fi ƙarfin shekara goma, balle wata. Dole ke nan a yi zaɓi. Kuma yawancin waɗanda suka ɗaura niyyar karatu suka watsar a mako na biyu, da za a bincika, littafin da suka ɗauko ne bai dace da irin lokacin da ke hannunsu ba.

Hanya uku ce a gaban mai son ƙagaggen labari da Hausa. Akwai tsofaffin littattafan da aka buga a Zariya, waɗanda yawancinmu muka san su a aji, malami na tsaye da bulala. Akwai waɗanda suka cika kasuwa daga tsakiyar shekarun 1980, masana suka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, mutanen gari kuma suke ce musu littattafan soyayya ko da babu soyayyar a ciki. Sai kuma na waya, waɗanda ake rubutawa ana sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Maganar nan ta nishaɗi ce zalla. Mai jarrabawa ko mai kundin digiri, malaminsa ya riga ya zaɓar masa.

Mu fara da na Zariya tunda su ne manya. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana kwaɗaita wa malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga wannan gasa aka fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Abin da ya fi shafar mai wata guda a nan shi ne girmansu, domin babu wanda ya kai shafi 100. Mai saurin karatu zai cinye guda tsakanin la'asar da isha'i, mai jan ƙafa kuma kwana uku sun ishe shi. Wanda ya daɗe rabonsa da littafi yana bukatar ya ga ya kai ƙarshen wani abu da wuri, don wannan ne ke sa hannu ya miƙa ga na gaba.

Sai dai kada a ɗauka ɗanɗanonsu ɗaya don an haife su shekara guda. Ruwan Bagaja na mai son dariya ne. Neman ruwan maganin ma kusan dalili ne kawai na fita yawo. Abin da ke riƙe mutum shi ne Alhaji Imam da Malam Zurƙe, duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya haɗa wa ɗaya tuggu, a ɗaure wannan yau, a jibgi wancan gobe, kuma ba wanda ke daddara. Shaihu Umar kuwa a hankali yake tafiya, cikin natsuwar malami mai ba almajiransa tarihinsa: yaron da aka sace a zamanin bauta, aka ratsa hamada da shi zuwa ƙasar Larabawa, uwarsa ta bazama nemansa. Ba littafin da za a ɗauka ana neman annashuwa ba ne, yana barin nauyi a ƙirji. Ganɗoki ya buɗe da yaƙin da aka yi da Turawa, da kirari da ƙarar takubba, daga nan ya zarce da mutum ƙasashen aljanu, kuma akwai masu karatun da a daidai nan suke sauka. Jiki Magayi ne ya fi kusa da abin da ɗan yau zai kira labari: saurayi, budurwa, attajirin da ya yi amfani da dukiya ya raba su, da ramuwar da ta ci har wanda bai ji ba bai gani ba.

Magana Jari Ce kuwa gari guda ne. Littafi uku ne, Abubakar Imam ya rubuta, suka fito tsakanin 1937 da 1939. A na farko, aku ne ke riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Imam ya ɗebo labaran daga na Larabawa da Indiyawa da Turawa da namu na gida, ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙo a cikinsu. Amfaninsa ga mai lissafin lokaci shi ne kowane labari yana tsaye da ƙafarsa. Minti goma kafin a tayar da salla, ko zaman jiran layi a asibiti, sun isa a fara guda a gama. In aka yi kwana uku ba a buɗe ba, babu zaren da ya ɓace. Shi ne kuma kaɗai a cikin duk abin da zan ambata wanda za a karanta da ƙarfi a tsakar gida, yara da kakarsu su saurara tare, ba wanda zai sunkuyar da kai.

Hausar waɗannan littattafai ita ce ribar da ba a samu a wani wuri. Jimla gajera, aiki a gaba, ba a tsayawa yi wa mutum bayanin abin da ya riga ya gane. Za a ci karo da lifidi da sulke da kwalkwali, da sule da taro da ahu, kalmomin da ɗan shekara ashirin zai tsaya ya tambaya, amma ba su kai su tare hanya ba.

Aibinsu ma a fili yake, kuma masu cewa da tsohuwar zuma ake magani ba su cika son a faɗa ba. Mata kusan babu su, in ma sun fito, ko dai uwa ce mai kuka ko mai makirci. Mutanen ciki ba su da zuci: ana gaya maka abin da suka yi, ba a shigar da kai abin da ke damunsu idan dare ya yi. Wanda ya jera labaran Magana Jari Ce ashirin a zama ɗaya zai fara jin sun yi kama da juna, wawa ya sha kashi, mai wayo ya tsira. Ga kuma ƙamshin aji da ke bin su. Akwai mutanen da ko bangon suka gani sai su tuna ranar da aka tsayar da su su karanta shafi a gaban 'yan aji suna in'ina. Irin waɗannan gara su fara da wani abu daban, su dawo daga baya. Wajen samu kuwa su ne mafiya sauƙi, tunda har yanzu ana karanta wasunsu a makarantu, duk shagon littattafan makaranta da wuya a rasa biyu ko uku. A dai buɗe a duba kafin a biya, don akwai bugun da tawadarsa ta kwanta, akwai wanda aka tsallake shafuka wajen ɗinki.

Tsakanin waɗannan da na Kano akwai wasu 'yan littattafai da ake yawan tsallakewa, kuma asara ce. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 daga gasar kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya, shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Gasar da gwamnatin tarayya ta shirya ta fitar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, ɗaya kan fasa-ƙwauri da cin hanci, ɗaya kan ta'addanci da zubar da jini. An tace su an gyara kamar na da, amma duniyar cikinsu ta mota ce da bindiga da ofis. Matsalarsu samu. Sai an dace da ɗakin karatu na jami'a ko abokin da ya karanci Hausa.

Yanzu ga na Kano, inda ni nake ganin mai wata guda ya kamata ya fi daɗewa yana tunani. Yadda aka haife su shi ya ba su siffarsu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara, maza da mata, da suka iya karanta Hausa da boko. Suna tasowa sai tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai marubuta suka ɗauki rubutunsu suka kai ƙananan maɗaba'u, suka biya da kuɗinsu, suka kai wa 'yan kasuwa. Wanda jarinsa bai kai ya buga labari duka ba sai ya raba shi kashi-kashi, cinikin na ɗaya ya buga na biyu, na biyu ya buga na uku. Shi ya sa kowane kashi yake tsayawa a daidai inda rai ya ɗauko, an ɗaura aure ango bai sani ba, ko an buɗe ƙofa ba a faɗi wanda ya shigo ba, sai ka ga an rubuta a haɗu a littafi na gaba.

Wannan tsari alheri ne ga mai wata guda, in ya kiyaye sharaɗi ɗaya. Kowane kashi siriri ne, dare biyu an gama, kuma ƙarshensa da kansa yake tura ka ga na gaba, ba sai ka yi wa kanka faɗa ba. Sharaɗin shi ne kada a fara sai an ga dukkan kashin a hannu, an ƙirga. Babu takaicin da ya kai mutum ya gama na biyu da tsakar dare, gari ya waye ya zaga shaguna a ce masa na uku ya ƙare tun shekaru goma da suka wuce.

Abin da ke cikinsu shi ne abin da na Zariya suka rasa: cikin gida. Auren dole, kishi, saki, ɗan riƙo, yarinyar da aka cire daga makaranta, uwar miji da ke kwana da mukullin rumbu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Babu aljani ko takobi a ciki, amma da wuya ka ajiye, don ka san gidan, wataƙila ma a layinku yake. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na farkon shekarun 1990, shi ne uban labaran 'yar masu kuɗi da ta nace wa talaka. Bilkisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, ta shahara da mata masu ilimi da iya zaman aure. Wanda kuma soyayya ba ta dame shi ba, ba a bar shi a baya ba: akwai labaran yaƙi da jarumta irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, da na sarƙaƙiya da bincike irin na Nazir Adam Salih. Zancen mutanen ciki shi ne ƙarfinsu. Gugar zana tsakanin kishiyoyi, habaici a wajen biki, yadda uwa ke yi wa ɗa faɗa tana kare shi a lokaci guda, duk an kama su yadda ake yinsu.

An sha yi musu ca a zamaninsu, ana cewa suna ɓata tarbiyya, har an taɓa ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007, lokacin shirin A Daidaita Sahu. Wanda ya karanta fitattun cikinsu yau zai yi mamakin abin da aka yi wa hayaniya, don yawancinsu wa'azi ne ma ya yi musu yawa.

Inda suka gaza shi ne tacewa. Marubuci shi ne edita, shi ne mai gyara, shi ne ɗan talla. Za ka ga kuskuren rubutu a kowane shafi, sunan mutum ya canza tsakanin kashi na ɗaya da na biyu, shafi guda cur an ɓata wajen siffanta idon yarinya da dogon hancinta da irin motar da ta zo ɗaukarta. Kuma tunda dubbai aka buga, na banza sun fi na kirki yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya shiga ya ɗauko da ka, zai iya ƙare watansa a kan labari ɗaya da aka sauya wa sunaye sau biyar. A tambayi wadda ta karanta su a zamaninsu. Sunaye biyar da za ta lissafo ba tare da tunani ba, su ne abin nema.

Samunsu ma ya zama aiki. A da a Kasuwar Sabon Gari ta Kano da bakin tashoshi ana shimfiɗa su, akwai shagunan da ke ba da haya kwana ɗaya ko biyu. Yanzu kasuwar ta ja baya sosai, da yawa daga masu sayarwa sun koma wata sana'a. Babban rumbunsu a yau shi ne akwatin yayarka ko ƙarƙashin gadon gwaggonka. Za ka same su a ɗaure da tsumma, takardar ta yi ja, bangon ya sha salatif, a shafin farko an rubuta sunan mai shi da biro da gargaɗin duk wanda ya ara ya dawo da shi. Kafin ka tafi da shi juya bayansa ka tabbata shafin ƙarshe yana nan, don shi ke fara ɓallewa.

Na waya su ne suka gaji wannan kasuwa, kuma yawancin masu karanta labarin Hausa a yau a can suke. Tsarin sananne ne. Marubuciya, don mata sun fi yawa a harkar, tana sakin shafi ɗaya, wato babi guda, kullum ko bayan kwana biyu. Wani labarin kyauta ne har ƙarshe. Wani kuma littafin kuɗi ne: a ba ka shafukan farko kyauta, daidai inda labari ya ɗau zafi a ce sai an biya, a tura kuɗi ta banki, a tura shaidar biya, a saka ka a guruf. Akwai kuma manhajoji irin su ArewaBooks da ake saye a karanta a ciki.

Fa'idarsu ta farko ba ta da abokin gasa. Bahaushen da ke Kumasi ko Yawunde ko Jidda, wanda babu shagon littafin Hausa kusa da shi, da shi da na Fagge lokaci guda shafi ke iso musu. Ta biyu, rayuwar cikinsu ta yau ce: soyayyar da aka ƙulla a waya, garkuwa da mutane, shaye-shaye, matar da ke aiki a banki tana fama da dangin miji, abubuwan da littafin 1995 bai san da su ba. Ta uku, ba kai kaɗai kake karatu ba. Shafi na sauka sharhi ke biyo baya, wannan ta tsine wa mijin, waccan ta kare shi, a raba gari biyu a kan mutumin da babu shi. Ga wadda ke zaune a gida ita kaɗai yini guda, wannan hirar rabin daɗin ce. Mai jego kuma da hannu ɗaya ke riƙe da jariri ƙarfe biyun dare, waya ce kaɗai za ta iya riƙewa, ba sai ta kunna fitila ta tashi kowa ba.

Amma ga mai wata guda, labarin da ake kan rubutawa tarko ne. Kamar zubin adashi yake: kullum kana zubawa, ranar kwasa tana hannun uwar adashi. Marubuciya za ta yi rashin lafiya, ko biki ya taso, ko wayarta ta lalace, ko ta yi fushi don ba a yi mata sharhi ba ta ce ta dakata. Watanka zai ƙare labari bai kai rabi ba, wani ma ba za a taɓa ƙarasa shi ba. Ko wanda aka ƙarasa, tsawonsa abin dubawa ne. Takarda tana da tsada, ita ke tilasta wa marubucin da ya taƙaita. A waya babu abin da ke tsayar da alƙalami, kuma muddin masu karatu na neman ƙari, sai a ƙaro kishiya, a ƙaro hatsarin mota, a sa wani ya manta kansa. Labarin da ya kamata ya mutu a shafi na 40 sai ya kai na 120. Guda ɗaya irin wannan zai iya cinye sa'a 15 ɗin nan gaba ɗaya.

Duba kuma yadda shafin kansa yake zuwa. Sunan littafi cikin furanni da taurari, sunan ƙungiyar marubuta, gaisuwa ga wance da wance, tallan atamfa ko kayan mata, gargaɗi ga masu fitar da littafin kuɗi, sannan labari. Kana cikin karatu saƙo ya faɗo daga sama, ka leƙa, ka dawo bayan minti ashirin ka manta inda ka tsaya. A ƙasa kuma a ce a yi haƙuri da wannan, babu caji. Rubutun ma sai an saba: kalmomi a manne, babu ƙugiya a kan haruffa, rabin zancen masoya da Turanci. Akwai marubutan intanet masu tsabtar alƙalami da zurfin tunani waɗanda ba su gaza na takarda da komai ba, sai dai babu bango ko sunan kamfani da zai nuna maka su. Batsa kuma gaskiya ce, ba ƙazafi ba. Akwai masu sayar da ita tsagwaronta da sunan labari, kuma sau da yawa shafukan farko ba sa nunawa. A nan ma tambaya ita ce mafita, a tambayi wanda aka yarda da hankalinsa, kuma tambayar farko ita ce: an gama shi?

Akwai reshe na wannan hanya ga wanda hannunsa ke cikin aiki: sauraro. Tashoshin rediyo sun daɗe suna karanta littattafai, yanzu kuma YouTube cike yake da masu karantawa. Tela a kan keke, direba a hanyar Kaduna, mai tsintar shinkafa, duk za su iya cin littafi guda a mako. Illarsa, data yake sha in ba an sauke an ajiye ba, kuma daɗin ya rataya ga muryar mai karatu. Mai karatun da ke tsayawa yana sa nasa sharhi zai iya kashe labari mai kyau.

In aka zo batun aljihu, na aro daga akwatin gida shi ne mafi araha, sai na Zariya da za a saya sau ɗaya a bar wa yara. Na waya yana kama da kyauta amma ba kyauta ba ne, ana biya da data da caji ko da ba a sayi littafin kuɗi ba. Batun wuta kuwa kowa da nasa ciwon: takarda na son haske, waya na son caji. Wanda karatunsa na rana ne, takarda ta fi masa. Wanda sai dare yake samun kansa, a ɗakin da wasu ke barci, waya ta yi nasara. Sai dai ita ce kuma ke cin barcin, don littafin takarda yana da bangon baya da ke cewa a tashi haka nan, dogon labarin waya kuwa babu inda yake nuna maka gaɓa, sai ka ji kiran assalatu.

Da za a ce in zaɓar wa mutum hanya ɗaya tak, ba tare da na san shi ba, na Kano na takarda zan miƙa masa, cikakku, guda uku ko huɗu da wata gwana ta zaɓo. Sun fi na Zariya kama zuciya, sun fi na waya sanin inda za su tsaya, kuma babu saƙon da zai faɗo a tsakiyar shafi. Wanda lokacinsa gutsi-gutsi ne, minti goma nan, minti biyar can, ya bar su ya ɗauki Magana Jari Ce, ko ya nemi gajerun labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata marubuta a 2016, waɗanda kowanne zama ɗaya ne. Wanda ke nesa da gida, ko wadda dare ne kaɗai nata, su bi waya, amma kammalallen labari kawai, a sauke shi a kashe data. Mai cikakken hutu da yini a hannunsa shi ne zai iya haɗawa, kuma shi ma gara ya fara da siririn littafi irin Ruwan Bagaja ko Jiki Magayi kafin ya shiga masu kashi uku.

Saura sanin lokacin da za a ajiye littafin da bai karɓi mutum ba, don a wata guda babu sararin yi wa littafi kara. Ma'aunin ya bambanta. Na Zariya tun a shafi goma na farko suke nuna halinsu, yawanci yadda suka fara haka za su ƙare, in bai yi maka ba a nan ba zai yi ba. Na Kano sukan yi nauyin tashi, a ɓata rabin kashi na ɗaya ana jera dangi da asali, saboda haka a ba su zuwa ƙarshen kashin farko. Na waya kuwa shafukan kyauta su ne inda marubuciya ta zuba duk gwanintarta don a saya. In waɗannan ba su hana ka ajiye wayar ba, kada ka tura kuɗin.